Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi



Akwai maganar da muka daɗe muna yi a ƙofar masallaci da teburin mai shayi, amma ba a cika sa ta a rubuce ba. Duk ranar da rikici mai sunan addini ya tashi a Arewa, mu da ke zaune a Kudu ba ma barci. Mai tireda ya fara rage kaya, direba ya fasa ɗaukar lodi, magidanci ya shiga lissafin kuɗin motar da za ta kai mata da yara gida. Ba a yi shawara da mu ba lokacin kunna wutar, amma mun san ƙofar da ake zuwa karɓar bashin. Saboda haka muna da bakin tambaya: wa yake kunna ta, kuma me yake samu?

Abin da muka gani a shekarun nan shi ne, in ka ɗaga rigar addinin da aka lulluɓe rikicin da ita, kujera za ka tarar a ƙasa. Wani lokaci ɗan siyasa ne yake aron bakin mai zafin ra'ayi don ya hau. Wani lokaci kuma shi mai zafin ra'ayin ne da kansa ya fara hangen mulki.

Tun kafin a yi nisa, kada wani ya juya mana magana. Musulunci ba shi ne a gaban alƙali a nan ba, haka ma Shari'a. Musulmin da ya ce yana so a yi masa hukunci da dokar addininsa, haƙƙinsa ya nema. Tsattsauran ra'ayin da muke nufi shi ne na mai kafirta duk wanda bai bi shi ba, mai halatta jinin maƙwabci, mai ɗaukar doka a hannunsa ya ƙone wurin ibadar wasu. Irin wannan akwai shi a masallaci, akwai shi a coci.

Mu fara da 1999, tunda da yawanmu mun shaida. Ranar 27 ga Oktoba Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau, aka fara aiki da ita a Janairun 2000. Talakawa sun yi murna da zuciya ɗaya, don sun gaji da kotun da sai mai kuɗi yake cin shari'a. Kafin a ankara jihohi 11 sun bi sahu. Wasu gwamnonin sun shiga da son ransu, wasu kuwa sun hango cewa in suka tsaya, zaɓen 2003 zai yi awon gaba da su. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani talaka a Zamfara kan satar saniya. Malamai za su ce satar dukiyar gwamnati hukuncinta daban ne. To madalla, ina nata hukuncin? Yarima ya yi shekara 8 yana gwamna, ya wuce Majalisar Dattawa ya yi 12. Ƙauyukan Zamfara kuwa, Allah Ya kawo musu sauƙi, kowa ya san halin da suke ciki yau.

Mu namu rabon ya iso da wuri. Ranar 21 ga Fabrairun 2000 Kaduna ta kama, bayan zanga-zangar da Kiristoci suka yi ta ƙin shirin kawo Shari'a jihar. An kashe Musulmi, an kashe Kirista, mutane fiye da dubu. Mako guda bayan nan, da gawarwaki suka fara isowa Gabas, aka far wa Hausawa a Aba da Umuahiya da Owerri, ɗaruruwa suka mutu, mafi yawa a Aba da ke nan kusa da Fatakwal. Mai wankin takalmi da mai yankan farce da mai kasa albasa, babu wanda ya san ranar da majalisar dokokin Kaduna ta zauna kan maganar, amma su suka biya.

Sai 2006, shekarar da mutanen Anacha ba za su manta ba. A ƙarshen Satumban 2005 wata jarida a ƙasar Denmak ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Babu Musulmin da abin bai ƙona wa rai ba, kuma zuwa Fabrairun 2006 ana ta zanga-zanga a ƙasashe da dama. Ranar 18 ga watan aka yi taro a Maiduguri, taron ya rikiɗe ya koma ƙona coci-coci da shaguna, aka kashe mutane har da wani limamin Katolika. Ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Maiduguri bai san hanyar Denmak ba. Ranakun 21 da 22 sai Anacha ta huce a kan waɗanda da yawansu ba su taɓa taka Maiduguri ba. An ƙone masallatai, an bi mutane da adda da fetur har bakin gada. Waɗanda Allah Ya yi wa sauran kwana suka fake a barikin soja, wasu suka tsallaka Asaba da rigar jikinsu kawai. Rahotannin lokacin sun ce an kashe daga mutum 80 zuwa sama da 100 a Anacha kaɗai. Kafin mako ya ƙare, abin ya taɓa Inugu.

Yanzu ku dubi abin da ke gudana a fagen siyasa a wannan watan. Ana tsakiyar faɗan tazarce ne, ana neman gyara tsarin mulki don Obasanjo ya yi wa'adi na uku. Kwamitin Sanata Ibrahim Mantu ya sa ranakun jin ra'ayin jama'a a shiyyoyi 6 a makon da ya biyo bayan rikicin, kuma Maiduguri da Katsina suna cikin garuruwan da aka zaɓa. A Katsina ma an yi tarzoma a daidai lokacin, can kuwa maganar tazarce ce a bakin mutane. Ƙidayar jama'a tana tafe a watan Maris, ana ta sa-in-sa kan ko za a sa addini da ƙabila a takardar. A Anambra ana jiran hukuncin kotun ɗaukaka ƙara tsakanin Chris Ngige da Peter Obi, ga 'yan MASSOB da ƙungiyoyin tasha suna cin karensu ba babbaka a Anacha.

Ba mu ce wani ɗan siyasa ya zauna ya rubuta sunayen waɗanda za a kashe ba. Fushin jama'a na gaskiya ne. Amma ya faɗo a lokacin da kowane ɓangare yake son ya nuna yana da jama'ar da za ta iya tsayar da gari cik, kuma samarin da suka riƙe galan ɗin fetur, a can da nan, irin waɗanda ake tarawa ranar zaɓe ne. Ranar 16 ga Mayu Majalisar Dattawa ta binne tazarce, manya suka koma lissafin 2007. Wa aka ɗaure saboda Maiduguri? Wa aka ɗaure saboda Anacha? Duk wanda ya san sunan babban mutum ɗaya da aka hukunta, don Allah ya aiko wa mujallar nan a buga.

In ana so a ga yadda cinikin nan yake tafiya daga tayi har sallamawa, a dubi Borno. Ɗan siyasa yana da kuɗi da kariyar hukuma, amma talaka bai yarda da shi ba. Malami mai zafi yana da dubban matasa masu jin maganarsa, amma ba shi da mai tsaya masa in hukuma ta taso. Kowannensu yana riƙe da abin da ɗayan yake nema. A farkon shekarun 2000 Muhammad Yusuf yana tara matasa a markazinsa da ke unguwar Railway a Maiduguri. A zaɓen 2003 Ali Modu Sheriff ya kayar da Gwamna Mala Kachalla, wanda ake zargi da yin sanyi wajen aiwatar da Shari'a. Daga baya wani na kusa da Yusuf, Alhaji Buji Foi, ya zama kwamishinan harkokin addini a gwamnatin Sheriff. Don adalci mu faɗa: Sheriff ya sha musanta cewa yana da alaƙa da ƙungiyar, kuma babu kotun da ta same shi da laifi. Amma kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2011 ƙarƙashin Ambasada Usman Gaji Galtimari ya danganta tushen matsalar da 'yan bangar da 'yan siyasa suka kafa gabanin zaɓen 2003, aka yi amfani da su, aka watsar. A Maiduguri ana ce musu ECOMOG, a Gombe Kalare, a Bauchi Sara-Suka.

Mutanen Fatakwal ba sa buƙatar dogon bayani a nan. A wannan zaɓe na 2003 ɗin ne bindigogi suka shiga hannun ƙungiyoyin asiri a Ribas, kuma mun ga yadda garin ya koma a 2004 da kuma watan Agustan 2007, lokacin da ake rufe shago da rana tsaka. Samarin iri ɗaya ne, marasa aikin yi da aka koya wa cewa ana cin abinci da tsoratar da mutane. Na Ribas da aka yasar suka ɗaga tutar man fetur, na Borno suka ɗaga ta addini, kowa ya ɗauki wadda take ci a kasuwar garinsu.

A ƙarshen Yulin 2009 aka kashe Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda, haka ma Buji Foi. Ba a kai ko ɗayansu gaban alƙali ba, duk abin da suka sani aka binne su da shi. Abin da ya biyo baya kowa ya sani.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafi a 1987 kan yadda masu mulki suke juya addini don su kawar da idon talaka daga abin da ake sace masa. Ya faɗi gaskiya, kuma shekarun da suka biyo baya sun ƙara gaskata shi. Sai dai masu maimaita wannan bayani sukan tsaya a rabin hanya. Suna ɗauka mai tsattsauran ra'ayi kullum ɗan aike ne, wai in ka gano wanda ya aike shi magana ta ƙare. Gwoza ta nuna ba haka ba ne. A watan Agustan 2014 Abubakar Shekau ya shelanta garin a matsayin daularsa. Ƙungiyar ta naɗa amirai, ta kafa kotunanta, ɓangaren da ya ɓalle a 2016 har haraji yake karɓa wajen masunta da makiyaya a yankin tafkin Chadi. Ita kanta ɓarakar ta 2016, rigimar shugabanci tana cikinta, kuma Shekau ya mutu a 2021 a dajin Sambisa lokacin da tsofaffin abokan tafiyarsa suka rutsa shi. Ashe shi ma ɗan takara ne, sai dai ba ta hanyar INEC yake bi ba.

Ku dubi waɗanda suka sa a gaba. An kai wa marigayi Sarkin Kano Ado Bayero hari a Janairun 2013. An kashe Shaikh Muhammad Auwal Albani a Zariya ranar 1 ga Fabrairun 2014. An kashe Sarkin Gwoza a watan Mayun shekarar. Ranar 28 ga Nuwamba aka tayar da bama-bamai a babban masallacin Juma'a na Kano, fiye da mutum 100 suka rasu suna jiran salla. Waɗannan duk Musulmi ne. Laifinsu a wurin ƙungiyar shi ne jama'a suna sauraron wani ba ita ba. Wannan kuwa halin mai neman mulki ne, ya fara kawar da duk wanda ake ji wa magana.

Mu a nan me ya iso mana? A watan Yunin 2014 sojoji suka tare jerin motoci a kan hanyar Inugu zuwa Fatakwal, cikin jihar Abiya, suka kwashe 'yan Arewa 486, yawancinsu 'yan ci-rani masu zuwa neman abin sakawa a bakin salati. Hukumar tsaro ta ce ta samu wanda take nema a cikinsu, daga baya aka saki mafi yawa. Tun daga lokacin gemu da hula da buhu a kafaɗa suka zama abin tuhuma a shingen hanya, kalmar nan ta "aboki" ta ƙara ɗaci a bakin masu kiranmu da ita.

Kada kuma wani ya ɗauka sana'ar nan ta 'yan Arewa ce kawai. A 2019 Gwamna Nyesom Wike ya faɗa a bainar jama'a cewa Ribas jihar Kirista ce. A watan Agustan shekarar sai ga rigimar masallacin Trans-Amadi: Musulmin wurin suka ce an rushe musu masallaci, gwamnati ta ce babu ginin masallaci a filin, kuma filin nata ne. Daga Kano Gwamna Abdullahi Ganduje ya yi barazanar zuwa kotu, suka yi ta musayar baƙaƙen maganganu a jaridu. Kowannensu ya samu tafi a gidansu, wannan ya zama mai kare coci, wancan ya zama mai kare masallaci. Mu da muke salla a Fatakwal muka yi makonni muna kallon bayanmu. Shekara huɗu bayan nan Wike ya mara wa tikitin Musulmi da Musulmi baya, a watan Agustan 2023 ya zama ministan Abuja, a watan nan kuma Ganduje ya zama shugaban jam'iyyar APC na ƙasa. Inuwa ɗaya suka sha. Wannan bai kai ga ɗaukar makami ba, amma hajar ɗaya ce, ana dai sayar da ita a ƙaramin awo.

Akwai kuma wata riba da ɗan siyasa yake ci, ita ce ta yin shiru. A watan Mayun 2022 gungun matasa suka kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato kan zargin ɓatanci, ba alƙali ba shari'a. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan. Amma saƙon tir da aka sa a shafin Atiku Abubakar, goge shi aka yi, ya ce ba da izininsa aka sa ba, ana saura kwanaki kaɗan zaɓen fid da gwani na PDP. Haka masu zafin kai suke gane cewa ana tsoronsu, kuma wanda ya gane ana tsoronsa ƙara wa kayansa kuɗi yake yi.

To mu dawo cikin unguwa, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu 'yan tsiraru ne a garuruwan nan, amma duk wata rarrabuwa da ake yi a Kano da Jos da Zariya an yi mata lodi an kawo ta nan. A layi ɗaya sai ka ga masallaci biyu, wannan ba ya bin wancan salla. Da zaɓe ya ƙarato, 'yan koren 'yan takara sun san wane liman ne yake da mutum nawa. Sai ga buhunan shinkafa, sai janareto, sai alkawarin kujerar Makka. Ranar Juma'a kuma sai a ji huɗuba ta karkata, an wayi gari zaɓen wane ya zama jihadi, ƙin zaɓensa ya zama munafunci. Haka ake yi a coci-cocin da ke kewaye da mu, mun sani, amma namu ne muke da ikon gyarawa.

Ga kuma wayoyin hannu. Malami yana zaune a Arewa cikin gida mai katanga, da 'yan sanda a ƙofa, ya saki magana mai zafi ta minti biyu a kan "arna". Yaro a kasuwar Ogbete ko Mile 3 ya ƙure ƙara yana saurare a bakin rumfa. Ya manta cewa maƙwabcinsa ɗan Ibo a Sabon Garin Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi malamin ya ƙara mabiya, gobe gwamna ya kira shi buɗa baki a gidan gwamnati. In abin ya ɓaci, ba shi zai kwana a barikin soja ba.

Abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. Malamanmu, Allah Ya ƙara muku daraja, ku bar mumbari ya zama na kowa. Liman yana da 'yancin zaɓen wanda yake so, amma kada ya ɗora wa zaɓinsa hukuncin Allah. Duk abin da ɗan siyasa ya kawo wa masallaci, kwamiti ya sanar da shi a fili bayan sallar Juma'a, nawa ne, daga wa, me aka yi da shi. Kyautar da ba za a iya faɗinta a gaban jama'a ba, akwai lauje cikin naɗi.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwar shanu da ta gwari da ƙungiyoyin direbobi, a riƙa zama da sarakunan gari da shugabannin kasuwa da fastoci da DPO tun ana zaman lafiya, don ran wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ranar gobara ake haƙa rijiya ba. In aka kashe Kirista ko ɗan Ibo a Arewa da sunan addininmu, mu riga kowa fitowa mu ce haramun ne. Gaskiya ce da addini ya ɗora mana, kuma ita ce za ta ba mu bakin neman haƙƙinmu ranar da aka taɓa namu. Manyan Arewa kuma, masu riƙe da lasifika, su riƙa tunawa akwai 'ya'yansu a ƙetaren kogi kafin su buɗe baki.

Samari, ku yanki katin zaɓe a inda kuke zaune. Ku tambayi ɗan takarar kansila da na ciyaman maganar rumfunan kasuwa da magudanar ruwa da makarantar yara da harajin da ake karɓa sau uku a kan kaya ɗaya. Wanda ya zo muku da maganar addini kawai, ba shi da amsar waɗannan ne. Kowace magana mai zafi da aka kawo muku, ku auna ta: in mun bi, wa zai hau, wa kuma zai kwashe iyalinsa cikin dare?

Wanda yake ganin ba a taɓa yin siyasa a ƙasar nan ba tare da wannan haja ba, ya tambayi dattawan Inugu labarin Malam Umaru Altine. Bafulatani ne ɗan ƙasar Sakkwato, fataucin shanu ya kawo shi, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dakta Nnamdi Azikiwe, kuma a shekarun 1950 shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko, da ƙuri'un mutanen da mafi yawansu Ibo ne Kirista. Bai ɓoye sallarsa ba, bai kuma yi talla da ita ba. Garin nan dai ne da muke ciki yau.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a Aba da Anacha da Inugu da sauran wurare, Ya ba iyalansu haƙuri. Ya kare mu daga sharrin mai neman duniya da rigar lahira, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.